Muhawara: Kuɗin dikoda, na gwamnati ne ko na mai tibi?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar talabijin. Shekara da shekaru ana ta cewa za a kashe tsohon tsarin watsa talabijin na analog a koma dijital, tun ana sa rana ana ɗagawa har mutane suka daina bin maganar, sai kuma a 2024 muka ji shugaban ƙasa ya amince a ba hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, naira biliyan 10 saboda wannan aikin dai. To ni abin da ya ɗaure min kai, wai me ya sa dole sai gwamnati ta zuba kuɗi a ciki, har ana maganar a sauƙaƙa wa mutane kuɗin dikoda, wato akwatin da ake jona wa tibi don ta kama dijital? Mai son kallo ai sai ya sayi kayansa kamar yadda yake sayen waya da kuɗinsa. An cire tallafin fetur, na wuta ma an rage, asibiti ba magani, sannan a ce kallon tibi za a tallafa wa? Don Allah wanda ya fahimta ya warware min.

Injiniya Bash:
Wa alaikumus salam Abban Sadiq. Tambayarka tana kan hanya amma akwai abu ɗaya da ka tsallake. Waya kai ka ga dama ka saya. Wannan kuwa mutum ne yana zaune da tibinsa da ya saya da guminsa, tana kama masa NTA da tashar jiharsa da 'yar eriya ba ya biyan ko kwabo, sai gwamnati ta zo ta ce daga rana kaza na kashe wannan siginal ɗin, tibinka ba za ta ƙara nuna komai ba sai ka sayi wani akwati ka jona. Ba shi ya nema ba fa.

Kuma ba haka kawai ake son kashewar ba. A 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka sa hannu a Geneva ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, cewa zuwa 17 ga Yunin 2015 za a gama barin analog. Dalili shi ne a analog tasha ɗaya tak tana cinye zango guda na megahaz 8, amma a tsarin dijital na DVB-T2 da Najeriya ta ɗauka wannan zangon zai ɗauki tashoshi goma sha wani abu har zuwa ashirin. Kaga in an matse tashoshin wuri guda sai fili ya ragu, musamman wajen megahaz 700 da 800, kuma shi kamfanonin waya suke rububi saboda yana tafiya nesa yana ratsa bango, ya dace da 4G a karkara. A 2015 NBC ta sayar wa MTN wani yanki na 700 ɗin a kan naira biliyan 34. Wato iskar da talaka yake kallo da ita kyauta ita ake sayarwa, to in an cire masa kuɗin dikoda daga ciki ai ba alfarma aka yi masa ba, diyya aka biya shi.

Abban Sadiq:
Toh wannan ta diyyar ta shige ni gaskiya. Amma Injiniya tsakani da Allah mutum nawa ne har yanzu suke kallo da eriya? A layinmu duk gidan da ka ɗaga kai dish ne a kan katanga.

Mai Gyara Sabon Gari:
Abban Sadiq layinku ne ba Kano ba, balle ƙauye. Ni sana'ata kenan, kullum a shago nake, wallahi har gobe ana kawo min tibi mai ƙusumbi inci 14 da inci 21 a ɗaure a bayan mashin da igiyar roba, wata tun ta kayan ɗakin uwar gida ce, a ce don Allah a tashe ta. Irin waɗannan gidajen za ka ga doguwar gora an ɗaure eriya a samanta, in hoto ya fara yashi-yashi sai a tura yaro ya je ya juya gorar ana yi masa ihu daga ɗaki, ya yi, bai yi ba, ɗan koma baya. Su ne maganar Injiniya ta shafa, kuma su ne ba za ka taɓa ganinsu a Facebook suna ƙorafi ba.

Amma bari in faɗa muku abin da masu zama a ofis ba sa lissafawa. Ba akwatin kaɗai ba ne kuɗin. Na farko tsofaffin tibin nan wasu ba su da ma ramin wayar nan mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, ramin eriya kawai gare su, sai ka ƙara sayen wata 'yar na'ura da za ta haɗa su da dikodar. Na biyu dijital ba ta san lallaɓawa ba. Analog ko siginal ya yi rauni za ka ga mutum dishi-dishi kana jin muryarsa, ka saurari labarai a haka. Dijital ko dai hoto tar ko kuma ya daskare ya farfashe ya ɗauke gaba ɗaya. Don haka wanda yake nesa da turken tashar dole ya sayi eriyar waje mai kyau da waya mai kyau da ƙarfen ɗorawa, ya biya yaron da zai hau ya saita masa. In ka tara waɗannan sau da yawa sun fi kuɗin dikodar da aka yi wa rangwame.

Ɗan Jos:
Mu aka fara gwaji a kanmu, don haka bari in sa baki. Ranar 30 ga Afrilun 2016 aka ƙaddamar a nan Jos, lokacin Lai Mohammed yana ministan yaɗa labarai, kuma gwamnatin tarayya ta ce ta ware dikoda dubu 200 da za a raba kyauta a Filato. Gaskiya da farko mutane sun yi murna, wanda ya saba da tasha uku ko huɗu sai ga tashoshi da yawa kuma hoto garau. Bayan mu aka yi Abuja a Disamban shekarar, can an sa kuɗin akwatin naira 1,500. Inda gizo ke saƙar shi ne akwai wani kuɗi na shekara, naira dubu ɗaya, in ba ka biya ba kallo ya tsaya. Dubu ɗaya a shekara ba wani abu ba ne idan ka kwatanta da masu biyan wata-wata, na yarda, amma tsohuwar da aka miƙa wa akwati a taro aka ce kyauta ne, bayan shekara ta kunna ta ga rubutun turanci a allo, ita a ganinta lalacewa ya yi. Ba ta san ana sabuntawa ba, ba ta san inda ake biya ba. Na shiga gidaje da yawa na 'yan uwa na ga akwatin a saman kabad an naɗe wayarsa, lafiyarsa kalau.

Maman Hanifa:
Slm. Ku yi haƙuri in faɗi nawa a matsayina na wadda take wuni a gida, don mu ne masu kallon ba ku ba. Duk wannan lissafi da kuke yi sai da wuta. Mu unguwarmu sai a yi kwana biyu ba a kawo ba, in an kawo ma tsakar dare ne kowa ya yi barci sai dai ka tashi ka yi guga ka sa caji. Ko kyauta aka ba ni dikoda me zan kunna ta da shi? Sannan abu na biyu, me ke cikinta? Mu abin da muke so tashoshin Hausa, wa'azi, karatun Alƙur'ani na yara, shirin girki, wasan kwaikwayo. Risibar da maigida ya saya mana sau ɗaya ya biya, aka kafa dish, muna kama Arewa24 da Sunnah TV da tashar Makka da ta Madina, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mu sabunta. To a gaya min dalilin da zai sa in bar wannan.

Abban Sadiq:
Yauwa Maman Hanifa, abin da nake nufi kenan. Kasuwa ta riga ta warware matsalar da kanta. Ga StarTimes tun 2010 suka shigo da haɗin gwiwar NTA, ga GOtv tun 2011, duk dijital ne kuma da eriya suke aiki, ga risiba ga waya. Gwamnati ta tsaya tana ta kwamiti mutane sun wuce.

Injiniya Bash:
Kasuwa ta warware wa mai kuɗin biya, ranka ya daɗe. StarTimes da GOtv na biya ne, wata ya ƙare su yanke. Dish da risiba da mai kafawa kuma a farashin yau ba kowane magidanci zai iya ba, shi ya sa wancan mutumin na Mai Gyara yake ɗauko tibi mai ƙusumbi a bayan mashin. Kuma akwai abin da dish ba ya ba ka, tashar garinku. Sanarwar rigakafi, sanarwar ambaliya, ranar komawa makaranta, tafsirin azumi na malaman garinku, muhawarar 'yan takarar jiha, yawancin wannan a tashar jiha yake kuma ba duk tashoshin jiha ne suke kan tauraron ɗan adam ba. Ni ban ce tsarin da aka bi ya yi kyau ba, cewa nake haƙƙin yana nan.

Baba Mai Ritaya:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ya nuna min wannan hira ya ce ga maganar aikinku ana yi. Na yi aiki a ɓangaren injiniyoyi na gidan talabijin na jiha har na ajiye, don haka zan yi magana ta ɗaya gefen da ba ku taɓo ba.

Kuna ta maganar akwatin da ke ɗakin mai kallo, amma akwati ba ya haifar da siginal, karɓa yake yi. A zamaninmu kowace tasha ita take da na'urar watsa shirinta da turkenta da janaretanta, kuma abin da yake cinye kuɗin tasha shi ne man gas na wannan janareta, shi ya sa kuke ganin tashar jiha ta buɗe da yamma ta rufe da dare. A sabon tsari an raba aikin. Tasha ta shirya shiri kawai, ta miƙa wa kamfanin da zai watsa. Kamfani biyu ne suka riƙe wannan aiki, ITS wanda aka cire daga jikin NTA, da kuma Pinnacle. A takarda abu ne mai kyau ƙwarai, turke ɗaya ya ɗauki tasha ashirin maimakon kowa ya ƙona nasa man. Amma sai an kafa turakun a ko'ina tukuna, kuma sai tasha ta iya biyan kuɗin dakon shirinta, kuma sai ta sauya kayan ɗakin shirye-shiryenta da wasu tun na zamanin kaset ne.

Ku duba inda aka kai. Jos da Abuja a 2016, Ilorin da Kaduna a ƙarshen 2017, Enugu da Osogbo a farkon 2018, daga nan aka yi shiru na shekara uku, sai Legas a Afrilun 2021, sai Kano a ƙarshen 2021 ɗin. Jiha 36 muke da su. Kuma ko a inda aka ƙaddamar ɗin, ƙaddamarwa a babban birni daban, siginal ya kai ƙaramar hukumar da ke bakin iyaka daban. Shawarata da za a ji, kuɗin gwamnati ya fara tafiya wajen turaku da wutar da za ta riƙe su, a tabbatar mutumin Doguwa ko na Birnin Gwari in ya ɗaga eriya zai kama, sannan a zo maganar akwati. An fara gini ne daga rufi.

Mai Gyara Sabon Gari:
Allah ya ƙara girma Baba, wallahi kun faɗi gaskiya. Mutum ya zo daga ƙauye ya sayi dikoda ya koma, bayan kwana biyu ya dawo da ita ya ce ba ta yi, in jona a shago ta kawo tar, ya koma gida babu. Ba laifin akwatin ba ne, siginal ne bai kai garinsu ba, amma ni zai riƙe.

Kwamared:
Ku daina kewaye-kewaye. Biliyan 34 aka samu tun 2015, ina suke? A 2021 majalisar zartarwa ta sake amincewa da biliyan 9.4 don biyan basussukan wannan aikin, 2024 ga biliyan 10, har kotu an je a kan wani ɓangare na kuɗin, amma har yau ba a kashe analog ba. An sa 2012 tun zamanin marigayi 'Yar'aduwa ba a cika ba, an sa 2015 ba a cika ba, an sa 2017 ba a cika ba. Duk abin da aka kira tallafi a ƙasar nan ƙarshensa aljihun wasu, na taki haka, na fetur haka. Ni ra'ayina kar a ƙara sa ko sisi.

Admin:
Kwamared a yi a hankali don Allah. A tattauna tsari, banda kama sunan mutum ko zargin da ba za mu iya kare shi ba. Mu ci gaba.

Auwal Ohio:
Bari in ba ku yadda aka yi a nan Amurka, don ina ganin matsalarmu ba tallafin ba ne, hanyar bayarwar ce. Su ma sai da suka tallafa, ƙasar da ake cewa komai kasuwa. Abin da suka yi, kowane gida yana da damar neman kati biyu, kowanne na dala 40. Ka cike a intanet ko ka buga waya, a aiko maka da katin ta gidan waya, ka shiga duk shagon da ka ga dama cikin waɗanda suka yi rajista ka zaɓi akwatin da kake so cikin waɗanda aka amince da su, a cire dala 40 ka cika sauran. Katin yana mutuwa bayan kwana 90 in ba ka yi amfani da shi ba. Kaga kuɗin a hannun mai kallo aka sa, kamfanoni kuma suka yi ta gasa a kan farashi. Kuma akwatin ba a kulle yake ba, ka saya ka jona shikenan, babu kuɗin shekara.

Ba wai su ma ba su yi tuntuɓe ba. A farkon 2009 kuɗin shirin ya kai iyakarsa mutane suka taru a layin jira, dole aka ɗage ranar kashewa daga 17 ga Fabrairu zuwa 12 ga Yunin 2009 aka ƙara kuɗi. Amma ɗagawar wata huɗu ce, kuma da ranar ta zo an kashe. Sannan maganar Injiniya ta diyya, gwanjon zangon 700 da suka yi a 2008 ya kawo musu sama da dala biliyan 19, abin da aka kashe a katunan bai kai ko kusa da haka ba.

Injiniya Bash:
Auwal ka taɓo inda yake min ciwo. Mu a nan kamfanoni 13 aka ba lasisin haɗa akwatin a cikin gida, niyyar a samar da aikin yi, kuma niyya ce mai kyau, amma sai tallafin ya bi ta hannun mai haɗawa da dila kafin ya iso ga mai kallo, kuma kowane hannu ya bi sai ya rage. Sannan an kulle siginal ɗin FreeTV, wato tashoshin wannan tsari na gwamnati, sai da akwatinsu, saboda ta haka ne za a iya karɓar kuɗin shekara. Illar ita ce mutumin da ya sayi sabuwar tibi ta bango wadda ta zo da DVB-T2 a cikinta, wanda da bai buƙaci komai ba sai eriya, shi ma sai ya nemi akwati. Da an bar tashoshin gwamnati da na jihohi a buɗe, da duk dikoda mai arha da ke kasuwa ta kama su, da rabin matsalar tallafin ta kau da kanta.

Kwamared:
Auwal katin da za a aiko ta gidan waya, a wane adireshin? A nan in ka ce kati biyu kowane gida, kansila ne zai zo da sunayen gida ɗari biyar da babu su.

Auwal Ohio:
Ba dole sai gidan waya ba Kwamared. Yanzu akwai NIN kuma an haɗa shi da layukan waya, ana iya turo lamba ta saƙo, mutum ya kai wa dila, dila ba zai karɓi kuɗinsa daga gwamnati ba sai akwatin ya kunnu a gidan mai shi. Ban ce ba za a yi maguɗi ba, amma ya fi a loda akwatuna a mota a kai sakatariya a ce a raba.

Barista Zee:
Ina bin ku tun ɗazu. Ƙarin bayani kan wa ya cancanta, don ba kowa ya kamata a ba ba, a nan ina tare da Abban Sadiq rabi. A Birtaniya ba su ba kowa ba, shirin taimakon nasu na 'yan shekara 75 zuwa sama ne da masu buƙata ta musamman, BBC ta gudanar da shi, kuma abin da ya burge ni ba akwati kawai suke miƙawa ba, mutum ake turowa gida ya jona ya nuna wa tsohon yadda zai riƙa dannawa. Yanki-yanki suka riƙa kashewa har suka gama a Oktoban 2012. Wannan shi ne maganin abin da Ɗan Jos ya gani a saman kabad.

Afirka ta Kudu kuma sun ce duk gidan da abin da yake samu a wata bai wuce rand 3,500 ba ya je gidan waya ya yi rajista a ba shi kyauta. Amma da gwamnati ta zo kashewa a 2022 tashar e.tv da wasu ƙungiyoyi suka kai ƙara, kotun tsarin mulki ta dakatar da ranar, saboda ba a ba mutane isasshen lokaci da sanarwar yin rajista ba kuma za a bar talakawa da yawa ba kallo. Wato kotu ta ɗauki samun labarai a matsayin haƙƙi. Kenya kuwa a Fabrairun 2015 rigima ta kai manyan tashoshinsu, Citizen da KTN da NTV, suka ɗauke daga iska kusan sati uku. Don haka duk wanda ya ce a kashe kawai kowa ya yi ta kansa, ya san abin da zai biyo baya.

Lawali Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar wannan tele ta dijital TNT muke ce mata, kuma wahalar guda ce. Cikin gari mai hali ya sa Canal+ saboda ƙwallo, saura kuma parabol ta kyauta, har tashoshinku na Hausa muna kallo kamar a Kano muke. Amma in ka fita ƙauye inda babu kuran, tele ɗaya ce a gari wajen mai shago da batir da sola, nan kowa ke taruwa. Ni a ganina da gomnatocinmu za su taimaka ma irin waɗannan wurare, makaranta da gidan mai gari da ɗakin shan magani, a sa musu tele da sola, da ya fi a ba mutum dekoda ya kai gidan da babu wuta.

Maman Hanifa:
Malam Lawali mu mata fa? Mu ba ma zuwa wajen mai shago kallo. In dai a dandali za a sa to maza da yara aka yi wa.

Lawali Maraɗi:
Gaskiyarki Hajiya. Sai dai a sa a makarantar islamiyya ta mata ko gidan da mata ke taruwa.

Injiniya Bash:
An taɓa yin irin wannan ai, shirin nan na China na kai talabijin ta tauraron ɗan adam ƙauyuka dubu 10 a Afirka, Najeriya ta samu ƙauyuka dubu ɗaya, StarTimes ta yi aikin, da sola ake haɗawa a wuraren taruwar jama'a. Yana da amfani amma ba ya maye gurbin na cikin gida, dalilin da Maman Hanifa ta faɗa.

Abban Sadiq:
To yanzu ina aka kwana? Na ji an ce ma gwamnati ta janye daga tallafin.

Injiniya Bash:
Eh, tun wajen 2020 Lai Mohammed ya fito ya ce daga yanzu babu sauran tallafi, ko na akwati ko na dakon siginal, aikin ya riƙe kansa ta hannun 'yan kasuwa. Shi ya sa da aka zo Legas da Kano farashin akwatin ba irin na Abuja ba ne. Yanzu kuma NBC ta karkata ga amfani da tauraron ɗan adam na Najeriya, NIGCOMSAT, don a rufe ƙasar gaba ɗaya ba sai an jira turaku ba, su kuma masu haɗa akwati na cikin gida suna kukan an bar su da jarin da suka zuba. Ta fuskar isa ko'ina tauraro ya fi sauri, wannan ba musu. Amma ka tuna tauraro sai da dish, wato kuɗin shiga ya ƙaru a kan mutumin nan dai mai gora da eriya. In da can yana buƙatar taimako a kan akwati, yanzu yana buƙata a kan akwati da dish da mai kafawa.

Baba Mai Ritaya:
Kuma ɗana ka ƙara da cewa hadari yana taɓa dish. Da damina in ruwa ya sauko da ƙarfi hoto yakan ɗauke, alhali lokacin ne ake buƙatar sanarwa. Ƙasa irin tamu tana buƙatar duka biyun, turke a inda jama'a suka yi yawa, tauraro a inda turke ba zai kai ba. Kada a yar da ɗaya saboda an gaji.

Kwamared:
Baba da girmanku, na ji, amma ni sharaɗina ɗaya. Kafin a ƙara fitar da naira ɗaya a buga a jarida akwati nawa aka yi wa rangwame tun 2016, wace jiha, nawa ne suke aiki yau. In an kawo wannan zan goyi bayan katin Auwal.

Abban Sadiq:
A kan wannan ni da Kwamared ba mu da saɓani. Na yarda mai eriya yana da haƙƙi tunda da iskarsa aka yi ciniki, amma ni har yanzu ban yarda a ba mai dish biyu a kan katanga ba, kuma ban yarda a ba kamfani a madadin mutum ba.

Maman Hanifa:
Kafin a watse, Mai Gyara don Allah tambaya. Mahaifiyata tana ƙauye wajen Ɗambatta, tibinta irin mai ƙusumbin nan ce kuma ƙanena ya sa mata ƙaramin sola. In jira wannan na gwamnatin ne ko in haɗa mata risiba?

Mai Gyara Sabon Gari:
Hajiya kar ki sayi komai tukuna. Ki sa ƙaninki ya duba bayan tibin ya ɗauko hoto ya turo, mu ga ko tana da ramin ja da fari da ɗorawa. Sannan ya tambayi maƙwabta ko akwai mai dikodar eriya da take kamawa a garin, in akwai to siginal ya kai. In babu, risiba da ƙaramin dish za ki yi mata. Amma ki sani ita mai ƙusumbin tana jan wuta sosai, ƙaramin sola ba zai riƙe ta ba sai na ɗan lokaci, ya turo min da hoton batirin da abin da aka rubuta a jikinsa in lissafa miki ko zai ɗauka ko sai an canja mata ƙaramar ta bango mai aiki da batir kai tsaye.